Mutuwar da ake farkawa daga cikinta: wa muke yi wa kuka?

Malam Baban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun shekaranjiya nake ganin ana ta turo fuskokin kuka a kan littafin Sinawan nan da Maman Husna ta kawo mana, har wata ta ce ta kasa cin tuwon dare. Na daure na karanta duniya uku daga cikinsa don kada in yi magana da ka.

Ga wanda bai bi ba: yarinya ce mota ta kaɗe ta. Sai wata murya da suke kira sistam ta riƙe ranta, ta ce za ta mayar da ita gida in ta cika ayyukan da za a ba ta. Aikin shi ne a jefa ta cikin jikin wata mace a wata duniya, ta sa namiji ya so ta har ma'aunin son ya cika ɗari, sannan ta mutu a gaban idonsa. Yau matar sarkin yaƙi ce, gobe likita, jibi ɗiyar attajiri. Tana mutuwa sai ta buɗe ido a wani farin ɗaki, a ƙirga mata maki, a wuce gaba.

Ni dai abin da na gani, wannan ba labarin baƙin ciki ba ne, ciniki ne da hawayenku. Duk wanda ya taɓa raka gawa maƙabartar Ɗan Marna, ya ga an jera itace an mayar da ƙasa, ya san abin da ya ba mutuwa nauyi: ba a dawowa. To wadda ta san za ta farka bayan minti ɗaya, me ta rasa? Mutuwarta canjin zane ce kawai. Ku gaya mani, wa kuke yi wa kukan?

Maman Husna:
Wa alaikumus salam. Allah shi gafarta Malam, ai ba ita nake yi wa kuka ba. Shi nake yi wa.

Ka karanta duniya ta biyu ai. Ta fara ɗinka mashi rigar sanyi mai auduga a ciki, saura hannu ɗaya, sai ta sha gubar da aka zuba don shi. Da ta koma farin ɗakin sai sistam ya ce za a nuna mata shi na daƙiƙa goma. Ta gan shi ya tsufa, kai fari fat, shekara talatin da wani abu sun wuce, shina zaune a tsakar gida sanye da rigar nan mai hannu ɗaya. Ya hana kowa ƙarasa ta.

Ni tela ce Malam. Daren da na zo wurin nan an ɗauke wuta, ina zaune gaban keke da fitilar waya, kuma wallahi akwai rigar wani yaro a kan keken, na haɗa hannu ɗaya ban haɗa ɗayan ba. Na dube ta kawai sai hawaye. Ita ta farka, gaskiya ne. Shi fa? A wurinsa ta mutu mutuwa irin tamu, ya binne ta, bai kuma sake ganinta ba.

Malam Baban Sadiƙ:
Kin kawo ni inda nake son zuwa. Ta san akwai guba a ƙoƙon tun kafin a zuba, sistam ne ya gaya mata. Ta sayi maganin kashe zafi da makinta kafin ta sha. Ranar ma zaɓar ta ta yi, don ta ga ma'aunin ya tsaya a casa'in da takwas, tana neman biyun ƙarshe. Wannan sadaukarwa ce? In mace ta yi wa ɗanki haka a zahiri, mayaudariya za ki kira ta. Marubuciyar ta sa ki tausaya wa mutum, kuma ta sa ki goyi bayan wadda ta cuce shi, a shafi guda. Ni abin da ya tsaya mani a rai ke nan.

Autan Zaure:
Malam ya faɗi abin da ke raina. Ni a duniya ta huɗu na ajiye. Bawan Allah bai yi mata laifin komai ba, an dai ce a sa shi kuka don a samu maki.

'Yar Daurama:
Bari in ɗan sa baki, don na daɗe ina karanta irinsu.

Sinawa na kiran wannan salo kuai chuan, wato tsallake mai sauri daga wannan duniya zuwa waccan. Inda ya fi yawa shi ne dandalin Jinjiang, wanda aka kafa a 2003, kuma akasarin masu rubutu da masu karatu a can mata ne. Suna da kalma ta musamman ga labarin da aka shirya don ya azabtar da zuciya, nue suke cewa, kuma mai karatu kan tambaya tun kafin ta fara: ƙarshen mai daɗi ne ko mai ɗaci? Ba wadda aka yaudara ta shiga. Macen da ta mutu ko ta kuɓuce ta bar namiji ya kasa mantawa da ita kuma suna ce mata bai yueguang, hasken farin wata: kana ganinsa, shina haska ka, ba ka iya kama shi. Littafin Maman Husna kacokan a kan wannan aka gina shi.

Akwai abin da ya kamata mu lura da shi, Malam. A tsohuwar al'adarsu, rai ba sau ɗaya yake zuwa duniya ba. Sun yi imani cewa kafin rai ya sake dawowa sai ya ratsa wata gada, a nan wata tsohuwa mai suna Meng Po za ta ba shi romo ya sha, ya manta duk wanda ya sani. Saboda haka abin tsoro a labaransu na soyayya ba kabari ba ne, wannan romon ne. Ka haɗu da wanda ka mutu dominsa, ya dube ka kamar baƙo. Shi ya sa a ƙarshen kowace duniya sistam ke tambayar jarumar ko a wanke mata zuciya. Romon tsohuwar nan ne aka mayar maɓallin kwamfuta.

Amma wuri ɗaya na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Da yawansu a ƙarshe sai a ce ai duk mazan nan mutum ɗaya ne, ransa ne ya farfashe ya warwatsu cikin duniyoyi, sai a tattara shi su yi aure su zauna lafiya. Ranar da na fara cin karo da wannan na ji kamar an karɓi kuɗina an ba ni jabu. Tsohon da ke zaune da riga mai hannu ɗaya, in dai daga baya za a ce mafarki ne wani babban ya yi, to an ci amanarsa, an ci tawa.

Maman Husna:
Wannan ba haka ya ƙare ba ƙanwata, na leƙa ƙarshen. Kowane daban ne, kuma ba ta koma wurin ko ɗaya ba.

Ɗan Gobarau:
Ni tawa damuwar daban ce, kuma ku yi mani uzuri in na fito da ita fili. Abin da 'Yar Daurama ta bayyana shi ne tanasuhi, cewa rai na fita daga wannan jiki ya shiga wancan, kuma malamanmu ba su yi saɓani ba a kan ɓacinsa. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, wanda mutuwa ta zo wa shina roƙon a mayar da shi ko ya aikata na gari, aka ce a'a, a bayansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su. Ƙofa ɗaya ce, kuma ba ta buɗewa ta baya.

Na san za a ce ƙagaggen labari ne, kuma ban ce wanda ya karanta ya bar addini ba. Mun tashi muna jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba wanda ya ɗauka gizo-gizo na magana. Amma ku dubi yadda jarumar ke fita daga kowace duniya: ta sha guba, ta faɗo daga ganuwa, ta tari takobi da ƙirji. Sau goma a littafi guda ana nuna wa yarinya 'yar shekara 15 cewa hanyar da za ki sa a san darajarki ita ce ki mutu. Mu kuma nan ba baƙon abu ba ne mu ji a rediyo cewa yarinya ta sha fiya-fiya a kan aure ko saurayi. Ita ba farin ɗakin da za ta farka a ciki. Wannan ne ke hana ni barci, ba maganar adabi ba. Su kansu hukumomin Sin sun taɓa ja wa masu fim kunne a 2011 a kan finafinan komawa zamanin da.

'Yar Daurama:
Yaya, wancan jan kunnen a kan wasa da tarihi ne suka yi shi, ba a kan aƙida ko kashe kai ba. Amma maganar yara ka yi gaskiya, ban da ja. Ni kaina ƙanwata da ke aji uku na hana ta irin waɗannan, na ce sai ta ƙara hankali.

Ɗan Gobarau:
Na karɓi gyara, Allah shi saka.

Anti Marubuciya:
To ni da ake cewa muna cinikin hawaye bari in yi magana, tunda sana'ata ce.

Malam bai yi ƙarya ba a kan kuɗi. Tun 2003 dandalin Qidian ya fara tsarin a ba ka babukan farko kyauta, sauran ka biya babi-babi, kuma shi ne tsarin da ya bazu har ya iso wayoyinmu ta irin su Webnovel, da aka buɗe a 2017 don masu karatu da Turanci. Marubuci na samun kuɗi ne gwargwadon tsawon abin da aka saya, kuma kusan kullum sai ya saki sabon babi. To ka ga salon tsallake duniyoyi ya yi wa wannan tsari daidai kamar an auna. Babi ashirin ko talatin, ka kai soyayya ƙololuwa, ka kashe jaruma, gobe ka buɗe sabuwar duniya da sabon namiji. Ba ka buƙatar ka iya rubuta zaman aure na shekara goma, wanda shi ne mai wuyar.

Mu ma haka muke yi, ba zan ɓoye ba. In saki shafuka goma kyauta a WhatsApp, in tsaya daidai inda zuciya ta rataye, in ce mai son ci gaba ta turo ɗari biyar. Na san inda ake tsayawa. Amma don an sayar da abu ba shi ke nuna ƙarya ne ba. Ruwan Bagaja da Malam ke koyar da yaranmu, ai gasar rubutu ta 1933 ce ta haife shi, kuma da kyauta a gaba aka rubuta. Alhaji Imam ma gari-gari yake bi, kowane gari da nasa labarin, ya gama ya kaɗe riga ya wuce.

Abin da nake son mazan zauren nan su ji shi ne wannan. Akwai wani reshe na labaran da Sinawa ke kira bin mata har maƙonar gawa, don su ƙona mamaci suke yi. Miji ne ya wulaƙanta matarsa, ya fifita wata a kanta, bai san me yake da shi ba sai da ta tafi, sannan ya haukace da nadama. Kun san me ya sa mata ke rububinsa? Na taɓa rubuta irinsa da Hausa, matar ta rasu wurin haihuwa, mijin ya buɗe akwatinta ya ishe duk takardun asibitin da ta riƙa biya da kuɗin ƙosanta ba ta taɓa gaya mashi ba. Daren da na saki shafin ban yi barci ba saboda saƙonni. Ba yara ba ne suka turo, matan aure ne, wasu da jikoki. Kusan duk abu ɗaya suke faɗa ta hanyoyi daban-daban: shekara kaza ina gidan nan ban taɓa jin sannu ba. Mace na karanta mutuwar jaruma ne don ta ga, ko da a takarda, ranar da za a gane ta yi wahala. Ba mutuwar take so ba. Sannun take so.

Autan Zaure:
Anti na ji wannan, kuma ya shige ni. Amma sarkin yaƙin nan bai wulaƙanta ta ba. Ya riƙe ta da mutunci tun ranar farko. In mugu aka hukunta na fahimta. Na kirki fa, me ya yi?

Anti Marubuciya:
Bai yi komai ba Auta. Shi ya sa nasa ya fi ciwo, shi ya sa kuma ya fi sayuwa. Ban ce adalci ne ba.

Malam Baban Sadiƙ:
Hajiya marubuciya, kin ambaci Ruwan Bagaja, to bari mu tsaya a kansa. Alhaji Imam da jikinsa yake tafiya. In an daka shi shi ke jin zafi, in Malam Zurƙe ya rama a kansa shi ke kwana da abin, kuma abin da ya shuka a wannan gari shina iya bin sa zuwa wancan. Tafiyarsa na da farashi. Ita kuwa wannan aron jiki take yi, ta ɓata, ta ajiye. Ba wanda ma ya tambaya ina mai jikin ta asali ta tafi, wadda ke da uwa da uba.

Akwai fim ɗin Koriya da yarana suka sa ni kallo, na yarinyar da ta faɗa zamanin sarakunansu na da. Wannan na yarda baƙin ciki ne, don rayuwa ɗaya ta yi a can, ta mutu tana jiran wanda take so ya zo bai zo ba. Sau ɗaya. In da sau goma aka yi, da na uku na daina ji. Ko gishiri in ya yi yawa ɓata miya yake.

'Yar Daurama:
Moon Lovers kake nufi Malam, na 2016. Asalinsa littafin Sinawa ne, Bu Bu Jing Xin na Tong Hua, wanda aka fara sakawa a Jinjiang ɗin nan a 2005, Sinawa suka yi fim ɗinsa a 2011. A can zamanin sarki Kangxi ta faɗa, ta so ɗansa na huɗu wanda ya gaji sarauta. Da ta ga mutuwa ta matso ta rubuta mashi wasiƙa, amma aka sa ta a ambulan mai rubutun hannun ƙaninsa da suke gaba, sai ya ƙi buɗewa har ta cika.

To amma ka tuna yadda fim ɗin ya ƙare. Ita ma farkawa ta yi a zamaninmu. A na Sinawan har ta haɗu da mai kamarsa sak a gidan tarihi, ya dube ta bai san ta ba. Kenan ita ma ba ta mutu mutuwar Ɗan Marna ba, kuma ka yarda baƙin ciki ne. Ashe ba rashin farkawa ne ma'aunin ba.

Mu 'yan Daura ma muna da namu mai tsallake garuruwa. Bayajidda ya baro Bagadaza, ya zo Borno ya auri ɗiyar sarki, suka gudo tare, ya bar ta a Garun Gabas da ciki, a can ta haifi Biram. Ya wuce Gaya maƙera suka ƙera mashi wuƙa, ya iso Daura ya kashe macijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Tun ina ƙarama ake ba mu labarin, ana kai mu bakin rijiyar, kowa na bin sa gaba zuwa inda aka yi nasara. Sai da na karanta littattafan nan na fara tambayar kaina: ita wadda aka bari a Garun Gabas fa, kwana nawa ta yi tana duban hanya? Labarin bai waiwaye ta ba. Na Sinawan nan aƙalla shina ba wanda aka bari daƙiƙa goma.

Malam Baban Sadiƙ:
Wannan ta Garun Gabas kin kama ni, ban taɓa duban ta haka ba, kuma shekara nawa ina koyar da labarin. Amma ta fim ɗin tana tunawa, shi ya sa farkawarta ta zama azaba. Taku kuwa da aka tambaye ta a wanke mata zuciya, ta ce a wanke. Nan take. Ta shiga duniya ta uku tana dariya. Wanda ya zubar da kayansa da hannunsa ba ya cewa an yi mashi sata.

Maman Husna:
Ba nan take ba Malam. Sau uku sistam ya maimaita tambayar.

Malam Baban Sadiƙ:
Amma ta ce e.

Goggo Hajiya:
Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mani, ni ban iya latsa wayar nan ba, saurare nake. Tun azahar take karanta mani abin da kuke faɗa, na ce bari in ce wani abu in ba za ku ga na yi shisshigi ba.

Ban san Sin ba, ban san sistam ba. Amma maganar wanke zuciyar nan na san ta.

Maigidana na fari direba ne, shina ɗaukar kaya daga nan zuwa Maraɗi ta Jibiya. Shekararmu tara. Ya fita da asuba ya ce in ajiye mashi fura, da la'asar aka kawo shi a kwance. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma. A cikin kwanakin nan ba wanda ya hana ni kuka, gida cike, kowa na ba ni haƙuri. Ranar da na fita takaba, na yi wanka, aka ba ni sabon zane, sai yayar babana ta zaunar da ni ta ce, to ɗiyata, an gama, wanda ya tafi ya tafi, ki cire shi a ranki, kina da yara uku kuma ba ki wuce talatin ba. Ba mugunta ta yi mani ba, gaskiya ta faɗa. Bayan shekara na yi wani auren, mutumin kirki, ya riƙe mani yara kamar nasa, Allah shi jiƙansa shi ma.

To a gidan wani ba ki ambaton wani. Ba ki ajiye hotonsa. Hularsa da na ɓoye a ƙasan adaka sai da na ba ƙaninsa, don kada a gani a ji ba daɗi. Ba wanda ya tilasta mani. Ni na ce e, Malam, kamar yarinyar nan. Da ban ce ba da ban iya zaman ba, da yarana sun tagayyara.

Abin da ban sani ba shi ne abin zai tafi da gaske. Wata rana, an fi shekara ashirin, babban ɗana ya ce Inna, wai yaya muryar Baba take? Na buɗe baki in gaya mashi, na nema na rasa. Fuskarsa na nan, tafiyarsa na nan, har yadda yake karkata hula. Muryar babu. Mutumin da na kwana na tashi da shi shekara tara. Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo shi, kuma a bayan ɗaki na yi shi, don ba wanda zan ce wa ga abin da nake yi wa kuka.

Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. To ranar da sabon kansa ya mutu fa, wa ke zuwa gaisuwa?

Saboda haka da jikata ta karanta mani cewa an tambaye ta sau uku, ni na san abin da ke tsakanin tambaya ta farko da ta uku. Kada ka ce ba ta rasa komai ba, ɗana. Shi tsohon ya fi ta arziki, shi da rigarsa.

Maman Husna:
Goggo. Allah shi jiƙansu duka, Allah shi sa Aljanna ce makoma.

Anti Marubuciya:
Amin. Goggo kin sa na ajiye abin da nake rubutawa.

Ɗan Gobarau:
Allah shi gafarta masu, Goggo, shi haskaka kabarinsu. Kuma ki sani tunawar ba laifi ba ce ko kaɗan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shekaru bayan rasuwar Nana Khadija shina yawan ambatonta, in ya yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Al'adarmu ce ta matsa wa mata a nan, ba addini ba. Muryar da ta ɓace maki kuma ba ta ɓace ba a wurin Allah, akwai ranar haɗuwa in sha Allahu. Maganata a kan yara na nan yadda na faɗe ta, amma wannan ban da abin cewa.

Malam Baban Sadiƙ:
Goggo, ki yafe mani in maganata ta taɓa inda bai kamata ba. Na ce ba ta rasa komai ba, na janye wannan. Na auna asara da kabari kawai, kin nuna mani wata da ba a yi mata jana'iza.

Abin da ban janye ba shi ne wannan, kuma ina faɗar sa ne saboda girman abin da kika faɗa. Ke sau ɗaya aka tambaye ki, kuma shekara ashirin kina biya. Littafin nan sau goma ake tambayar ta, kowane karo kuma washegari marubuciyar ta kawo sabon kyakkyawan saurayi, mai karatu ta share hawaye ta biya kuɗin babi na gaba. Da a duniya ta biyar an nuna ta ɗauki allura ta ji hannunta na rawa ba ta san dalili ba, da na ce wannan marubuciya ta san abin da Goggo ta sani. A ukun da na karanta ban ga haka ba. Maman Husna, ke da kika yi nisa, akwai?

Maman Husna:
Gaskiya har ta shida ban gani ba Malam. Sau ɗaya dai ta ga wani tsoho a bakin hanya ta tsaya tana kallonsa, sistam ya ce ta wuce, ta wuce. Layi biyu ne kawai.

'Yar Daurama:
Akwai waɗanda ke yin yadda Malam ke so, wankin ba ya fita duka, abin na taruwa har ta kasa aikin. Su ne na kirkin, kuma ba su da yawa. Sauran kam Anti ta riga ta faɗi yadda ake dafa su.

Autan Zaure:
Ni har yanzu ina nan a kan cewa an zalunci mutumin. Da ta gaya mashi gaskiya tun farko, ya zaɓa da kansa.

Anti Marubuciya:
Da ta gaya mashi da ba labari, Auta. Amma ka ba ni abin rubutawa: a ba da shi daga bakin wanda aka bari, tun daga ranar da ya lura matarsa ta tashi daga zazzaɓi da wata irin magana da ba tata ba. Zan gwada, kuma a Daura zan ajiye shi, ba sistam ba komai.

Goggo Hajiya:
Ba abin yafewa Malam, ai magana ce ake yi. Maman Husna, in kin samu sarari ranar Juma'a bayan la'asar ki biyo ta Ƙofar Marusa, jikata ta ce Turancin littafin ya fi ƙarfinta. Ki fassara mani tun daga inda ta yanka yadin rigar. In kin kai inda tsohon ke zaune a tsakar gida ki tsaya. Sauran duniyoyin ku je ku kaɗai, ni nan zan sauka.

Maman Husna:
In sha Allahu Goggo, ina nan tafe. Zan zo da zanenki ma, na gama kalmasa shi.